Su ma 'yan konsat na zamanin Turawa da aro suka fara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan cacar bakin nan da ake ta yi game da yaran da ke wasan barkwanci a TikTok da YouTube. Daga Kumashi nake rubutowa, a zango aka haife ni, kuma abin da ya hana ni yin shiru shi ne maganar da kullum ake nanatawa, wai barkwancin nan duk aro ne, kwaikwayon Turawa da Indiyawa da 'yan Legas ne, saboda haka a yi watsi da shi. Toh ni ba kare yaran nan na zo yi ba, wani abin da suke yi ko ni ba zan iya kallonsa a gaban 'ya'yana ba, amma wannan magana ta aro ita ce ban yarda da ita ba, domin a nan ƙasar da nake zaune an yi wani wasan dandamali da ya fara da aro tsagwaronsa, aron ma mafi muni, kuma ya zo ya zama abin da Gana take tinƙaho da shi har gobe. Konsat ake ce masa, duk wanda ya girma a Ankara ko Kumashi ko Tamale ya san shi.

Abin ya samo tushe ne daga makarantun bakin teku. Kowace shekara ranar 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, sai a yi bikin ranar daular Ingila, a jera 'yan makaranta cikin rana su yi maci su yi wa tuta waƙa, daga baya kuma a yi 'yan wasanni na nishaɗi. A irin wannan biki ne a 1918 wani hedimasta a garin Sekondi da ake kira Ticha Yalley ya fara hawa dandamali yana ba da dariya, yana rawa yana waƙoƙin Amurka da Turanci, ga hular gashi ga gashin baki na ƙarya. Da abin ya karɓu sai ya fitar da shi daga makaranta ya koma yi wa manyan gari, lauyoyi da akawuna da 'yan kasuwa masu kwat da nakatayal, tikitin ma ba na talaka ba ne, kuma kafin a fara sai an ɗauko 'yan badujala sun zaga gari suna busa don a san yau akwai wasa.

Yanzu ga inda abin yake da ɗaure kai. Yalley da waɗanda suka biyo bayansa suna shafa baƙi a fuska ne su zagaye baki da idanu da fari. Wannan kwalliya asalinta Amurka ce, tun wajen 1830 wani Bature mai suna Thomas Rice ya shahara da ita, ya shafa baƙi ya sa tsumma yana ɗingishi yana kwaikwayon bawa baƙar fata, ya sa wa wawan nasa suna Jim Crow, kuma wannan sunan ne daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka. Wato wasa ne da aka ƙirƙira musamman don a wulaƙanta baƙin mutum. Sai ga shi ya tsallako teku ta silima da faifan garmaho da matuƙan jirgin ruwa, har wani attajirin Ankara mai gidajen silima, Alfred Ocansey, ya ɗauko wasu baƙaƙen 'yan wasa biyu, Glass da Grant, a tsakiyar shekarun 1920 suka yi ta wasa a Ankara matasa suna kwasar salo. Ka duba fa Malam Edita, baƙar fata ɗan Afirka a ƙasar ubansa yana shafa baƙi domin ya yi kama da Bature mai kwaikwayon baƙar fata. In dai aro ne abin kunya, ai ban san wanda ya kai wannan ba. Su kam a wurinsu kwalliyar ban dariya ce kawai, ba su ɗauke ta da nauyin da take da shi a can ba, amma dai asalin kenan, ba a canza shi.

Wanda ya juya akalar abin yaro ne ɗan makaranta a Sekondi da ke leƙen wasan Yalley, sunansa Ishmael Johnson amma duniya ta san shi da Bob Johnson. Shi ya ga cewa masu kwat ɗin nan 'yan tsiraru ne, jama'a suna can waje. A 1930 ya haɗa ƙungiyar mutum uku, wajen 1935 kuma ya shiga wata da ake kira Axim Trio shi da E.K. Dadson da Charlie Turpin, suka mai da kuɗin shiga sisi, suka bi layin dogo da hanyar mota suna shiga garuruwan haƙar zinariya irin su Tarkwa da ƙauyukan manoman koko. Lokacin kuwa kuɗi ya fara zagawa hannun talaka, jirgin ƙasa ya iso Kumashi daga Sekondi tun 1903, ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko tun wajen 1911, an buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ga leburori daga ko'ina har da mutanenmu na arewa, duk wanda ya karɓi albashi ko ya sayar da kokonsa yana da sisin da zai kashe da daddare. In sun sauka a gari sai a sa yaro ya ɗauki allo mai zane yana kaɗa ƙararrawa yana shela, da dare a share wani fili ko ɗakin taro a kunna fitila, shikenan wasa ya tashi.

Mutum uku ne kacal amma sun ishi dare. Akwai mai shigar ɗan boko, kwat mai wutsiya da doguwar malafa da sanda da Turanci mai kauri wanda shi kansa ba lalle ya san ma'anarsa ba. Akwai uwargida, wadda namiji ne yake shigarta don a lokacin mace ba ta hawa dandamalin konsat, Dadson ya yi suna sosai da fitowa a matsayin Susanna. Sai kuma gogan, wawan wasan, wanda tun daga kan Johnson kowa Bob ake ce masa, yawanci boyi ne a gidan, ga kwaɗayi ga ƙarya ga wayon tsiya, maigida ya aike shi ya cinye saƙon, ya haɗa miji da mata faɗa ya koma gefe yana kallon jama'a yana ƙifta ido. Duk Bahaushen da ya sha tatsuniya a gindin kakarsa ya gane wannan mutumin, Gizo ne, su Tonawa da Fante suna ce masa Ananse, halinsu ɗaya har kwaɗayin. Toh ka ga fuskar ta Amurka ce amma wanda ke bayan fuskar ɗan gida ne, kuma abin da ya fi muhimmanci, dariyar ta canza alƙibla. A Amurka Bature ne ke zaune yana yi wa bawa dariya. A Tarkwa lebura ne ke zaune yana yi wa mai kwat dariya, yana kallon boyi yana wasa da hankalin maigidan da ke ganin ya zama Bature. Harshen ma a hankali ya zame daga Turanci zalla ya koma gauraye da Fante da Turancin barikin da kowa ke ji.

Ba wai 'yan tawaye ba ne tun farko, kar a yi musu ƙarya. Axim Trio sun yi wasa a kan naɗin Sarki Joji na 6 na Ingila, sun yi wani a kan faɗuwar Hitila lokacin yaƙi, abin da kasuwa ke so shi suke yi, sun zaga har Najeriya da Saliyo da Laberiya. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma sojojin Afirka ta Yamma da aka kai Indiya da Bama an kafa musu ƙungiyar wasa tana bin sansani da asibiti tana ɗebe musu kewa, kuma kowa ya san rundunar nan cike take da 'yan arewa, Hausa ce harshen bariki. Ɗaya daga cikin 'yan wasan, Bob Vans, da ya dawo gida sai ya kafa tasa ƙungiyar a 1946 ya sa mata suna Burma Jokers. Amma da iska ta juya su ma sun juya. Bayan harbin tsofaffin sojoji a Ankara ranar 28 ga Fabrairu 1948 da tarzomar da ta biyo baya, sai ga 'yan konsat suna wasannin yabon Kwame Nkrumah, jagoran neman 'yancin Gana, a ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, in ma ta je ba mai karanta ta. A 1952 E.K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da kiɗan jita na hailaif, ya yi watsi da Turanci ya koma Tonanci gaba ɗaya. Daga Yalley zuwa Nyame shekara 34 kenan, abin da ya shigo da fuskar wulaƙanci ya zama na mutanen ƙasa har ba kowa ke tuna daga ina ya zo ba.

In kuma wani na ganin wasan dandamali shirme ne wanda hukuma ba ta damu da shi ba, ya tambayi tarihin Hubert Ogunde, wannan ma a ƙasarku Najeriya aka yi. Mutumin Ososa ne kusa da Ijebu Ode, ya yi koyarwa ya yi aikin ɗan sanda, ya fara da wasannin coci a Legas a 1944, sannan ya ajiye kaki ya rungumi dandamali. Da aka yi babban yajin aikin 1945 sai ya yi wasa a kansa, ya kai shi Jos garin kuza inda leburori suke jibge, 'yan sanda suka hana. Da aka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949 ya sake yin wani wasan a kan wannan kisa, da ya zo da shi arewa aka hana shi nunawa a Kano, aka gurfanar da shi, aka ci shi tara wai ya manna fastoci ba izini. Mutumin da ba shi da bindiga ba shi da jam'iyya, daga ganga sai 'yan rawa sai lori, amma Razdan ya kasa barci. Shi ma fa ya yi aro, ya zo nan Gana ya ga yadda 'yan konsat ke yi, har ƙungiyarsa ta ɗauki sunan konsat na wani lokaci.

Toh mu fa? Nan ne abin ke min ciwo, don masu cewa barkwanci baƙo ne a ƙasar Hausa kamar ba su taɓa shiga kasuwar ƙauye ba. Tun kafin Bature ya zo muna da 'yan kama, mutanen da za su zauna su gyara murya kamar malami zai ja baƙi, da ƙira'a da komai, sai ka kasa kunne ka ji ashe tuwo da miyar kuka da ƙashin rago ake ta yi wa tafsiri, ko su ɗauki waƙar wani babban makaɗi ta sarauta su juye ta ta koma kirarin fura. Wannan shi ne ainihin abin da Turawa ke tinƙaho da shi a nasu dandamalin, a ɗauki abu mai girma a sa masa rigar wasa, mu muna da shi tuntuni. Ga 'yan gambara da habaicinsu mai sa dattijo ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ga wawan sarki da ke faɗin abin da waziri ba zai iya ba. Ga wasan gauta inda matan fada ke shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa, masu sarautar na kallo. Ga tashe daga goma ga azumi, yara su sa gemun auduga su yi tsoho su yi malam, Nalako ya bi gwagwaren Kano. A Damagaram ga wasan kara inda ake kwaikwayon masu mulki. Duk wannan ba daga silima muka koya ba.

Har Turawan ma ba su tsira ba, sai dai ta wata hanya da ni a matsayina na Musulmi ba na yabawa, amma tarihi ne. A wajen 1925 a yankin Filinge na Nijar aka samu masu bori da iskokinsu sojoji ne da jami'an Faransa, Gwamna da Kumandan da Kofur, in sun hau sai su yi ta fareti suna sara wa juna suna ba da oda. Kumandan na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, sai kawai suka ƙara shi cikin jerin iskokin suna kiransa Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka taho da abin nan Gana, wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauke su a fim a Ankara a 1954, Ingilishi suka hana nuna fim ɗin. Su masu yi ba wasa suka ɗauke shi ba, amma Bature da ya kalla kansa ya gani, kuma bai ji daɗi ba.

Abin tambaya shi ne me ya sa 'yan kamanmu ba su hau dandamali sun zama kamfani mai lori da tikiti kamar su Bob Johnson da Ogunde ba. A ganina dalili biyu ne. Na farko konsat ɗan makarantar mishan ne, a can aka saba da dandamali da labule da benci, mu kuwa Turawa sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, ɗakunan taro da kulob kuma yawanci suna Sabon Gari, ɗan birni mai mutunci ba ya son a gan shi can da dare. Na biyu kuma mu muka ajiye ɗan kama a layin maroƙa, kyauta ake ba shi ba kuɗin ƙofa ba, a yi dariyarsa a jefa masa kwabo amma ba a ba shi 'ya. Wasan kwaikwayon da boko ya kawo mana kuwa, tun daga 'yan wasanni shida da Rupert East ya buga a shekarun 1930, na aji ne, yawanci a koya wa yara karatu da tsafta da zuwa asibiti. Wanda ya gane makamin da ke ciki shi ne Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna da kuma lokacin da yake koyarwa a Bauci yana rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, yana zolayar zaluncin 'yan En'e da masu cutar talaka, tun kafin a kafa NEPU a 1950. Sai da rediyo da talabijin suka zo sannan irin su Samanja da Ƙasimu Yero suka samu filin da kakanninsu ba su samu ba, kuma Samanja ɗin ma in ka duba Hausar barikin sojan Turawa ce ya mai da ita abin dariya.

Amma kar in yi ta yabon konsat kamar ba shi da tabo, don mu 'yan zango mun ɗanɗana. In aka fito da ɗan arewa a wasan, sau da yawa maigadi ne ko ɗan sanda mai karyayyen Tonanci wanda ba ya gane komai sai an maimaita masa sau uku, jama'a su yi ta shewa, kai kana zaune a cikinsu ka biya kuɗinka ka rasa dariya za ka yi ko tashi. Wato wasan da ya ƙwace bulala daga hannun mai kwat shi ne kuma ya juya ya tsula wa wanda ya fi shi rauni. Kuma wannan shi ne ainihin ƙorafina da yaranmu na yanzu, ba aro ba. Buɗe wayarka ka ƙirga, wa ake yi wa dariya? Bafulatani da bai san mota ba, baƙauye da ya shigo birni, mai in'ina, gurgu, bazawara, mai aikin gida. Kullum wanda ba zai iya ramawa ba. Kansila da ya cinye kuɗin rijiya fa, ko ɗan siyasar da ke zuwa da buhun shinkafa sau ɗaya a shekara huɗu, ko jami'in da ke karɓar na goro a shingen hanya? Nan sai ka ji tsit, sai ɗaiɗaiku masu ƙarfin hali. Na san akwai tsoro, an sha kama masu barkwanci a kai su kotu, ba na raina wannan. Amma Ogunde ma an kama shi, kuma ɗan kama bai taɓa kiran sunan malamin da yake kwaikwayo ba, kowa dai ya gane, wannan gwanintar ce ta ɓace aka koma zagi ƙiri-ƙiri ko tsalle-tsalle.

Masu wa'azi a kansu kuma don Allah a rage cewa ba al'adarmu ba ce, a faɗi abin da ke ciki na rashin tarbiyya kai tsaye, wannan kowa zai saurara. In ka ce wa yaro barkwanci baƙo ne alhali ya taso yana tashe, ya san ba gaskiya ka faɗa ba, sauran maganar taka ma ba zai ji ba.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne wannan. A nan Gana masana sun bi tsofaffin 'yan konsat gida-gida tun suna raye, an ɗauki muryarsu an rubuta tarihinsu, shi ya sa ni da ba masani ba nake iya kawo maka suna da shekara. Yarabawa sun mai da gidan Ogunde na Ososa wurin tarihi. Kuna da wakilai a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, ina jin har Maraɗi da Damagaram kuna da masu aiko muku da labari, ku tura su kasuwannin ƙauye su nemo sauran tsofaffin 'yan kama da 'yan gambara, a tambaye su wa ya koya musu, me iyayen gidansu suke faɗa a kan Di'o da baturen haraji da ɗan doka, wace waƙa aka taɓa hana su yi kuma wa ya hana. Waya ɗaya mai ɗaukar murya ta isa, sai a ware musu shafi ko da sau ɗaya a wata. In kun fara, ni ma zan bi dattawan zangon Kumashi in tattaro muku abin da suka riƙe na konsat in aiko.

Na gode da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karanta ku daga zangon Kumashi, Gana